Ku Tambaya Mu Amsa: Maganar ƙaramar rauta a gida da shago

Assalamu alaikum jama'ar Legas da kewaye. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ƙaramar rautar nan mai raba WiFi. Tun farkon 2025 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, kowa ke neman yadda zai haɗa iyali ko yaran shago a kan layi ɗaya maimakon kowa ya riƙa sayen datarsa daban. Na ɗauko waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Bismillah.

Daga wani tela a Agege: Salam Malam, dan Allah ina da matsala. Shagon ɗinki nake da shi mu biyar ne da yarana, kullum kowa sai ya sa data saboda kwastomomi ta WhatsApp suke turo salon da suke so, sai wani abokina ya ce in sayi rauta kawai in huta. Na shiga Computer Village na sayo wata fara mai eriya biyu sabuwa dal a kwali, na dawo na jona mata wuta, sunanta ya fito a wayoyinmu mun shiga amma babu abin da ke buɗewa, na juya ta ko ta ina ban ga wajen sa sim ba. An cuce ni ne ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam maigida. Da alama rautarka lafiyarta ƙalau, irin da ba ita kake buƙata ba ce aka ba ka, kuma gaskiya wanda ya sayar maka bai kyauta ba, kamata ya yi ya tambaye ka wane intanet kake da shi kafin ya miƙo maka kwali.

Rauta ba ta ƙera intanet da kanta. Kamar bututun da ke raba ruwa cikin gida take, idan babu komai a tanki ko famfo goma ka buɗe iska ce za ta fito. Juya bayan taka ka duba, za ka ga ramukan kebul a jere, ɗaya launinsa daban, galibi shuɗi, an rubuta WAN a ƙasansa. Ta nan intanet ke shigowa daga wani wuri, misali daga fayiba, wato wayar intanet da kamfani ya ja maka har cikin gida, ita kuma ta watsa wa wayoyi. Irin su TP-Link TL-WR840N da Tenda F3 duk haka suke, shi ya sa suke da arha. Wadda kake nema ita ce mai cin sim, a jikin kwalinta za ka ga an rubuta 4G LTE, kuma iri biyu ce. Akwai ta aljihu mai batir wadda muke kira MiFi, akwai kuma ta ɗora kan tebur mai aiki da wuta, irin su TP-Link TL-MR6400 ko waɗanda MTN da Airtel da sauransu ke sayarwa da tambarinsu.

Ni dai ga shago ta tebur nake ba da shawara. MiFi an yi ta ne don yawo, idan ka bar ta a caji daga safe har dare a cikin zafin shago ga dutsen guga na aiki, batirin kumbura yake yi, wata rana sai ka ga murfin bayan ya ƙi rufuwa. Ta tebur kuma eriyarta ta fi kama sabis, kuma ta fi jure mutane da yawa.

Amma kafin ka koma kasuwa yi wannan, don ya fi zaɓen rautar muhimmanci. Tara wayoyin yaranka masu layi daban daban, ku tsaya daidai inda za a ajiye rautar, ba a bakin titi ba, a cikin shagon, ku gwada buɗe bidiyo ko ku shiga fast.com ku ga lambar da kowane layi ya bayar. Ku gwada da rana, sannan ku sake gwadawa bayan magariba lokacin da duk Agege ta dawo gida kowa ya hau waya, nan ne za ka san gaskiyar kowane layi. A Legas layin da ke gudu a wannan titin yana iya zama gurgu a titi na gaba saboda yawan jama'a da gine-gine, don haka kar ka bi maganar wani da ke zaune a Ojo ko Obalende. Idan layi ɗaya ya yi fice sosai sayi rautar kamfanin, ta fi sauƙin kuɗi kuma sau da yawa da kyautar data take zuwa, sai dai yawanci a kulle take, sim ɗinsu kawai take ci. Idan kuma biyu sun yi kusa da juna, ƙara kuɗi ka sayi buɗaɗɗiya, ranar da wannan ya ɗauke ka zare ka sa wancan. Sim ɗin kuma tilas a haɗa shi da NIN kamar na waya.

Ka tafi da rasit da kwalin ka nemi canji cikin lalama, ka cika kuɗi. In sun ƙi kar ka yar da ita, tana da amfani, karanta amsar da na ba mutanen Apapa a ƙasa.

Daga wata Hajiya a Idi-Araba: Malam barka da aiki. Maigida ya sa mana rauta mai sim a gida, datar wata guda yake saya amma wallahi ko sati biyu ba ta kaiwa, har ya fara cewa ni da yara ne muke kallon fim dare da rana, ni kuwa Allah ya sani daga WhatsApp sai karatun malamai nake saurara. Gidan haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, ina zargin ko maƙwabta ne ke sha amma ba na son in ɗauki alhakin kowa. Ya zan yi in gane?

Amsa: Hajiya Allah ya saka da alheri da kika ƙi zargin mutane babu hujja, kuma ga hanyar da za ki gani da idonki. Ɗaga rautar ki duba ƙasanta, akwai takarda a manne mai ɗauke da wasu lambobi, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu kuma 192.168.8.1. Kina kan WiFi ɗin ki rubuta lambar a inda ake rubuta adireshin shafi a waya, zai nemi suna da kalmar sirri, su ma suna jikin takardar. Idan kin shiga nemi inda aka jera na'urorin da ke haɗe. Ki ƙirga wayoyin gidanki har da talabijin in mai intanet ce, in ku shida ne kika ga goma sha ɗaya, to kin samu amsa.

Kuma ba sai wani ya yi kutse ba. Wayoyin Android na yanzu suna iya nuna WiFi ɗin da suke kai a matsayin hoton QR, ɗanki ya buɗe, abokinsa ya haska da kyamara, shi kenan ya shiga ko bai san kalmar ba, gobe shi ma ya haska wa yayansa, kafin sati ya zagayo rabin gidan na kanki kuma babu wanda yake ganin ya yi sata. Toshe su ɗaya bayan ɗaya wahala ce kawai, domin wayoyin yanzu suna iya canza lambar da rauta ke gane su da ita. Canza kalmar sirrin gaba ɗaya kowa ya faɗo, sannan ke da kanki ki sa wa kowace waya sabuwar, ki kuma yi wa yara magana. Kar ki sa lambar wayar maigida ko sunan auta ko 12345678, waɗannan su ake fara gwadawa. Haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna ki cusa lambobi a tsakani. A wajen tsaro zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwai, in kin ga WEP ki guje shi, tsohon yayi ne da aka daɗe da fasawa. Akwai wani abu WPS shi ma a kashe shi. Sannan kalmar shiga saitin rautar, wadda sau da yawa admin ce kawai, ita ma a canza, mutane da yawa suna mantawa da ita alhali duk wanda ya san ta zai iya ganin komai ya canza komai.

To amma Hajiya zai iya yiwuwa ki duba ki ga babu baƙo ko ɗaya, kuma wannan ya fi faruwa. Waya idan tana kan datar sim tana tattali, da zarar ta ga WiFi sai ta ɗauka kyauta ne. Duk manhajojin da ke jiran sabuntawa a Play Store sai su fara sauka, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka zuba a guruf ɗin dangi da na islamiyya da na biki ko ba ki buɗe ba, Google Photos ya kwashe hotuna da bidiyon wayar ya tura sama, YouTube ya ɗaga ingancin hoto da kansa tunda ya ga hanya a buɗe. In akwai kwamfuta mai Windows sabuntawa ɗaya na iya cin giga da yawa cikin dare kuna barci. Talabijin kuwa ita ce babba, Netflix da kansu sun ce kallo mai inganci na HD na iya cin har giga 3 a awa guda, ki lissafa awa biyu kullum na sati biyu. Maganinsa a kowace waya a shiga saitin WiFi ɗin gidan a mayar da shi "metered", wato a gaya wa wayar cewa wannan ma kuɗi ne, a kashe saukar bidiyo ta kai tsaye a WhatsApp, a rage ingancin YouTube zuwa 360 ko 480, a kan allon waya ba za ki ga wani bambanci mai yawa ba. Ku zauna da maigida ku duba tare, ya fi a yi ta zargin juna a kan abin da na'ura ke yi da kanta.

Daga wani mai POS a Alaba Rago: Oga ni matsalata wuta ce, da NEPA ta ɗauke rauta ta mutu, kafin a tada janareta kwastoma ya gaji ya tafi. Pawa bank zai iya riƙe ta?

Amsa: Zai iya ɗan'uwa, rauta ba ta da cin wuta, yawancin ƙananan ba sa kai wat 10. Duba jikin cajarta, za ka ga 5V ko 9V ko 12V. Pawa bank 5V yake bayarwa, in taka 5V ce mai bakin USB jona kawai. In 9V ko 12V ce akwai kebul na USB mai ɗaga wuta zuwa wannan adadin, ko mafi kyau ƙaramin UPS na rauta, shi yana jone da wuta kullum, in an ɗauke sai ya karɓa nan take rautar ba ta ko ƙiftawa. Pawa bank mai 10,000mAh na gaske zai riƙe rauta mai cin wat 5 kamar awa biyar. Abu ɗaya dai, kar ka kuskura ka ba mai 5V ko 9V wutar 12V don ka ga bakin ya shiga daidai, ƙonewa za ta yi. Kuma lokacin damina in ana tsawa, ko lokacin da ake juyawa daga janareta zuwa NEPA, wutar kan zo da ƙarfi, sa mata abin kariya daga hawan wuta.

Daga wani ofishin fiton kaya a Apapa: Ranka ya daɗe, ɗaki uku ne ofishinmu, kwamfuta huɗu da firinta da wayoyin ma'aikata. Mun ja fayiba muna biyan kuɗi mai yawa duk wata, an ce gudunta ya haura 100Mbps, muka haɗa da wata ƙaramar rauta da aka rubuta 300Mbps a kwalinta, amma a ɗakin oga na ƙarshe ko takarda ba ta turuwa sai an fito baranda. Mu sayi babba mai eriya shida ne?

Amsa: Alhaji kar ku yi saurin kashe kuɗi a kan yawan eriya. Abu uku ne suka haɗu muku.

Na farko, 300 ɗin da ke kwali lissafin ɗakin gwaji ne, a aikace ko rabinsa da wuya a samu. Ƙari a kan haka yawancin rautoci masu arha ramukan kebul ɗinsu 10/100 ne, ma'ana ko nawa kamfani ya turo muku abin da zai wuce ta wannan ramin ba zai haura 100 ba, kun ga kuna biyan abin da ba ya isowa gare ku. In za ku canza ku nemi wadda aka rubuta Gigabit, wato ramukanta na ɗaukar fiye da 100, mai zango biyu, 2.4GHz da 5GHz, irin ajin AC1200 kamar TP-Link Archer C6, ba ta kai tsadar manyan ba kuma ta ishi ofis irin naku.

Na biyu maganar zango. Masu arha a 2.4GHz kawai suke aiki, shi kuwa hanyoyi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Buɗe WiFi a wayarka a cikin benen ofisoshi a Apapa ka ga sunaye nawa za su fito, duk a kan hanyoyin nan uku suke turereniya, ga Bluetooth shi ma a nan yake. 5GHz ya fi gudu kuma ya fi sarari, sai dai ba ya ratsa bangon bulo da kankare kamar 2.4. Don haka na kusa su hau 5, na nesa da firinta da na'urorin da ba su san 5 ba su zauna a 2.4.

Na uku, kuma ina kyautata zaton shi ne babba, ina kuka ajiye ta? Abin da nake yawan gani shi ne mai haɗa fayiba ya shigo da waya ta taga mafi kusa, ya ajiye rauta a ƙasa a lungu bayan kabad ɗin ƙarfe na fayil, wani ma a cikin durowa ake kulle ta don kar a sace caja. Ƙarfe da madubi da kankare duk suna kashe sigina. A ɗaga ta sama a bango, a tsakiyar ofis in zai yiwu, eriya a tsaye, babu abin da ya rufe ta. Wannan kaɗai yakan gyara rabin matsalar ba a kashe ko kwabo ba.

Ɗakin oga kuwa a ja masa kebul. Kebul ɗin intanet na tafiya har mita 100 ba tare da ya rage gudu ba, kuma kwamfutar tebur da firinta da ba sa motsi dama kebul ya fi dacewa da su, sai a bar iska ga wayoyi. A ƙarshen kebul ɗin nan ku jona tsohuwar ƙaramar rautar taku, a saitinta a mayar da ita "access point", wato ta karɓi intanet ta kebul ta watsa WiFi, ta zama ta ɗakin oga. Tela na Agege, wannan ne amfanin da na ce taka za ta yi. Ƙananan na'urorin nan da ake cusawa a soket su maimaita sigina ba na son su sosai, masu arhar sukan raba gudun biyu, kuma in an sa su inda siginar ta riga ta yi rauni raunin suke maimaitawa.

Daga wani matashi a Mile 12: Yaya ina so in fara ɗan kasuwanci, in sa rauta a gidanmu in riƙa sayar wa 'yan kasuwa da masu dako tikitin awa ɗaya ko na yini. An ce min MikroTik ce ke yin haka, akwai ƙarama mai arha. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne ƙanena, kuma na ji daɗin yadda kake tunanin neman na kanka. MikroTik kamfanin ƙasar Latbiya ne, ƙaramar da ake nufi ita ce hAP lite, ba ta fi tafin hannu da yawa ba, ramukan kebul huɗu, 2.4GHz kawai, wutar 5V take ci ta bakin USB don haka pawa bank ma na riƙe ta. Ƙarfinta a manhajar cikinta yake, RouterOS, wadda za ta ba ka damar buga tikiti, ka yanke wa kowa lokaci, ka kuma ƙayyade gudun kowa don kar mutum ɗaya ya shanye layin. Ba ta cin sim, sai ka haɗa ta da wata mai kawo intanet. Ƙwaƙwalwarta kuma 32MB ce kacal, ta koyo ce da mutane kaɗan, in jama'a suka yi yawa za ta riƙa shaƙewa sai ka koma babbarta. Saitinta ba irin na sauran ba ne, sai ka zauna ka koya da manhajar WinBox, amma wanda ya iya MikroTik ya samu sana'a, otal da makarantu da ofisoshi na neman irinsa. Ka riƙa sabunta ta, a 2018 an yi wa dubban rautocin kamfanin kutse a duniya ta wata kafa da aka riga aka toshe, waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya ci.

Sai dai ka san abu biyu kafin ka zuba jari. Sayar da intanet ga jama'a harka ce da NCC ke ba da lasisi a kanta, kuma kamfanoni da dama sun hana sake sayar da datar da aka saya don gida, don haka karanta sharuɗɗan wanda za ka ɗauka, ka tambaye su tsarin kasuwanci. Na biyu, layin da sunanka da NIN ɗinka aka yi rajistarsa, duk wanda ya sayi tikitin awa ɗaya ya damfari wani ta kansa, in aka biyo sawu ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Ka san waɗanda kake sayar wa, ka riƙa ajiye bayanin wane tikiti ya tafi hannun wa.

Daga wata mai jego a Ijora: Malam an ce WiFi na cutar da jarirai, rautarmu a ɗakin kwana take, in cire ta?

Amsa: Allah ya raya 'yar'uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu gamsasshiyar hujjar da ta nuna raunanan siginar irin waɗannan na'urori na cutar da lafiya, kwantar da hankalinki. In kin mayar da ita falo dai kowa zai fi samun sigina, kuma ki ɗaga caja da wayoyinta sama kafin yaro ya fara rarrafe.

Daga wani ɗalibi a Yaba: Rauta tokumbo fa Malam, wato ta hannu, in saya?

Amsa: Za ka iya in kuɗi sun yi kaɗan, rauta ba ta cika lalacewa ba in ba wuta ce ta buge ta ba. Amma kar ka biya sai an gwada a gabanka. In mai sim ce tafi da sim ɗinka ka sa da hannunka, ka ga 4G ya fito kuma shafi ya buɗe, domin wasu daga waje aka kawo su a kulle da layin can, wasu kuma ba sa kama zangon da kamfanoninmu ke amfani da shi. Duba cajar ko lambar da ke jikinta ta yi daidai da wadda aka rubuta a ƙasan rautar. Da ka isa gida nemi ɗan ƙaramin ramin da aka rubuta Reset, sa tsinke ka danne kamar daƙiƙa goma har fitilun su ɗauke su dawo, duk saitin mai ita na da zai goge, sai ka sa kalmomin sirrinka guda biyu, ta WiFi da ta shiga saiti.